Ƙaimi Biyu a Maiurno

Biyu na ƙulle a bakin mayafi,
na bi gaɓar Nilu har kasuwar Maiurno,
inda Usta Jatau ke zaune a rumfa,
zuga-zugi sun huta, jabana na huci.

Na fara miƙa masa mai ƙyallin,
wanda muke gogewa da toka da lemun tsami,
wanda ya shekara talatin a kan kabad ɗin Inna.
Baƙo in ya tambaya, mu ce na kakanmu Shekarau ne,
da shi ya keto Wadai, ya keto Fashir.

Ko tabarau bai saka ba.
Ya auna a tafi, ya ƙyasta da farce.
"Saurara," in ji shi. Na ji ƙwas, kamar murfin gwangwani.
"Ga kabu nan daga kai har gindi,
zubi ne wannan, ba ƙira ba.
Dubi ramin maɗauri, fata ba ta taɓa cin sa ba.
Dubi bakinsa, diddigen wa zai shiga nan?
Sai na yaro a kan dokin kara.
Irinsu na nan a Umdurman, jere a faranti,
kusa da raƙuman katako."

Kunya ta rufe ni har wuya.
Don kada in koma da ƙulli, na kwance ɗayan,
baƙi, karkatacce, da kashin kaji a jikinsa,
da shi muke saƙale ƙofar akurki.

Sai ya ajiye finjalinsa.
Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa.
Ya ƙyasta, ƙarfen ya amsa, ya ja muryarsa.
"Kin ji? Wannan ya sha masaba.
Bi da yatsa, sawun duka na nan ƙarƙashin tsatsa,
ɓangarorin ba su yi daidai ba, hannu ba injin ba ne.
Nan ciki ya yi sulɓi, gumi ne da tafiya.
Na ƙafar hagu ne. Mai shi ya fi dogara a waje,
ga inda ya cinye."

Ya juya tsinin wajen haske, ya daɗe.
"Ba shekaru suka dakushe shi ba, zarto ne.
Da gangan aka kashe masa kaifi.
Mutumin nan yana tsoron Allah a kan dabbarsa,
ko kuwa dokin ya rame har ba wurin suka."

Na ce, nawa zai yi?
Ya yi dariya, haƙori uku.
"A kilo? Ba zai sayi albasa ba.
Ki sa masa man riɗi, kada ki kankare.
Tsatsar ita ce shaidarsa."

La'asar sakaliya na iso gida.
Inna na kan angarib tana tsince wake.
Na juya maganar a baki kamar tuwo mai zafi,
na ce, mai ƙyallin nan, Inna, na wasa ne.

Ba ta ɗago ba.
"Na sani. Fam biyu ubanki ya saye shi
ya kawo wa Ɗanlami, shekarar ƙyanda.
Kwana tara ya ɗaura shi.
Da shi a ƙafa ya kwanta.
Ku kuka ce na Shekarau ne, ni ban ce ba,
ban dai hana ba."

Wake ya ci gaba da faɗawa a ƙwarya.

Yanzu su biyu ne a kan kabad,
ɗaya na shan mai, ɗaya na shan toka.
Ƙofar akurki kuwa da igiya na ɗaure,
kaji sun fita sau biyu tun jiya.